Dakta Glenda Gray Da Doguwar Farautar Rigakafin Ƙanjamau

Ranar 3 ga watan Fabrairun 2020 aka ba da wata sanarwa wadda ta sanyaya jikin masu binciken cutar ƙanjamau a duk duniya. An yi shekara uku da 'yan watanni ana gwada wata allurar rigakafin cutar a ƙasar Afirka ta Kudu, a jikin matasa maza da mata fiye da 5,400 waɗanda suka yarda da bakinsu a gwada ta a kansu. An kasa su kashi biyu. Kashi ɗaya an yi musu allurar ta gaske, ɗaya kashin kuwa an yi musu wadda babu magani a cikinta, domin a sami abin kwatantawa. Da aka zo lissafi sai aka tarar mutum 129 daga cikin waɗanda suka sami ta gasken sun kamu da ƙwayar cutar a harkokinsu na yau da kullum, a ɗaya kashin kuma mutum 123. Watau dai allurar ba ta kare kowa ba. Nan take aka tsai da ita.

Wadda ta shugabanci wannan gwaji wata likitar yara ce, sunanta Dakta Glenda Gray. Wannan ne karo na biyu da babban gwajin da take jagoranta ya watse a hannunta, bayan shekara ɗaya da rabi kuma aka yi na uku. Mai karatu yana iya tambaya, to don me za mu cika shafi da labarin wadda ta fita farauta sau uku tana dawowa hannu rabbana? Dalilinmu shi ne, duk lokacin da haka ta faru, ita da abokan aikinta sukan kira mutanen da suka ba su amanar jikinsu su faɗa musu gaskiya, sa'an nan su rubuta wa duniya abin da ya auku, har da ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Mu da muke zaune a unguwannin da ake yawan ɗari-ɗari da allura da masu kawo ta, muna ganin ya kamata mu san yadda gwaji na gaskiya yake, don mu iya rarrabe shi da na zamba.

DAGA GARIN ZINARIYA ZUWA SOWETO

An haifi Glenda Gray ranar 14 ga Disamba, 1962, a Boksburg, wani garin masu haƙar zinariya da ke gabas da birnin Johannasbag. Ita ce ta biyar cikin 'ya'ya shida. Mahaifinta injiniya ne a mahaƙar ma'adinai, mahaifiyarta kuma aikin akawu take yi. Farar fata ce, ta kuma tashi a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, zamanin da doka ta raba wa baƙar fata da farar fata unguwa da makaranta da asibiti, har da bencin zama a tashar jirgin ƙasa.

A shekarar 1980 ta shiga Jami'ar Witwatersrand don koyon aikin likita. Tun tana ɗaliba ta shiga wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya mai fafutukar ganin an daina ware asibitoci bisa launin fata. Ta yi shekara shida ta zama likita, kana ta ci gaba da neman ƙwarewa a fannin yara har ta kammala a 1993.

Inda ta yi yawancin aikinta shi ne asibitin Baragwanath da ke bakin Soweto, babbar unguwar baƙar fata ta Johannasbag. Asibitin yana da gadaje fiye da 3,000, yana cikin mafiya girma a duniya, amma a zamanin wariya cunkoso ya kai har majinyata suna kwana a ƙasa. A 1997 aka ƙara masa sunan Chris Hani, ɗan gwagwarmayar nan da aka harbe a 1993 a ƙofar gidansa, a Boksburg ɗin da aka haifi ita Glenda.

ABIN DA TA GANI A ƊAKIN JARIRAI

Likitan yara a Afirka ya saba da gudawa da ƙyanda da tamowa da ciwon huhu. Waɗannan duk an san maganinsu, in an kawo yaro da wuri galibi yakan tashi. Amma daidai lokacin da Dakta Gray ke kammala karatu, sai aka fara kawo jariran da ba sa tashi. A yi musu maganin ciwon huhu, bayan mako biyu a sake kawo su. Ba sa ƙiba, bakinsu ya yi fari da ƙuraje, daga bisani su rasu.

Alƙaluman awon ciki na ƙasar sun nuna irin saurin da abin ya zo da shi. A 1990, cikin mata masu juna biyu 100 da ke zuwa awo a asibitocin gwamnati, ba a samun ko guda ɗaya cikakkiya mai ɗauke da ƙwayar HIV. Zuwa shekarar 2000 kuwa kusan mace ɗaya ce cikin kowace huɗu. Uwa tana iya ba ɗanta ƙwayar tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In ba a ɗauki wani mataki ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan kamu, rabin waɗanda suka kamu kuma ba sa kai shekara biyu in babu magani.

Wannan ne ya juya akalar aikinta. Ita da wani likitan mata, Dakta James McIntyre, suka buɗe wani ɗan sashe a asibitin don mata masu ciki da ke ɗauke da ƙwayar. A 1996 sashen ya zama cikakkiyar cibiyar bincike. Daga nan ta zama irin likitan da ke duba majinyaci da safe, da rana kuma ya zauna yana binciken amsar tambayar da majinyacin ya bar shi da ita.

Tambayar kuwa ita ce ta kuɗi. A 1994 wani bincike da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna cewa maganin AZT yana rage kamuwar jarirai daga kashi 25 cikin 100 zuwa kashi 8. Sai dai tsarin yana bukatar uwa ta yi watanni tana shan magani, a ɗaura mata shi ta jijiya lokacin naƙuda, jariri kuma ya sha na mako shida. Talakar Soweto ba ta da halin wannan. Saboda haka cibiyar Dakta Gray ta shiga wani babban bincike tare da asibitocin Yuganda da Tanzaniya don a gano ko gajeren tsari mai araha zai yi aiki, aka kuwa ga yana yi. A 1999 kuma masu bincike a Yuganda suka nuna cewa ƙwayar Nevirapine guda ɗaya ga uwa lokacin naƙuda, da 'yan ɗigo ga jariri cikin kwana uku da haihuwa, suna rage kamuwa da kusan rabi. Kuɗin wannan duka bai wuce dala 4 ba.

GA MAGANI, GA GWAMNATI TA HANA

Mutum zai ɗauka daga nan an huta. Ina! A cikin wannan shekara ta 1999 Thabo Mbeki ya gaji Nelson Mandela a kan mulki, ya kuma fara nuna shakka a fili ko ƙwayar HIV ce ma ke haddasa ƙanjamau. Ministar lafiyarsa, Manto Tshabalala-Msimang, ta riƙa cewa magungunan guba ne, tana yaba tafarnuwa da lemun tsami da man zaitun. Kamfanin da ke yin Nevirapine ya yi tayin ba da shi kyauta na shekara biyar, amma gwamnati ta taƙaita shi ga wurare 18 kacal a duk faɗin ƙasar, biyu a kowane lardi, wai ana gwaji.

Dakta Gray tana cikin likitocin da suka ƙi yin shiru. Ta yi ta magana a tarurruka da jaridu cewa jarirai suna mutuwa alhali ga abin da zai cece su a hannu, abin da ya jawo mata baƙin jini wurin mahukunta. Wata ƙungiyar masu fafutuka, TAC, wadda aka kafa a 1998, ta kai gwamnati ƙara. Ranar 5 ga Yuli, 2002, Kotun Tsarin Mulki ta umarci gwamnati ta sakar wa asibitoci maganin. A wannan shekarar ce aka ba Dakta Gray da Dakta McIntyre lambar yabo mai ɗauke da sunan Mandela ta lafiya da haƙƙin ɗan Adam. Raba magungunan ƙanjamau ga manya a asibitocin gwamnati kuwa sai a 2004 aka soma.

Jinkirin ya yi tsada ƙwarai. Wani bincike na Jami'ar Harvard da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa mutum fiye da 330,000 sun mutu a banza tsakanin 2000 da 2005, jarirai 35,000 kuma sun kamu da ƙwayar da da an iya kare su. Daga baya al'amura sun gyaru. Wani bincike da cibiyar Soweto ta yi da wasu abokan aiki ya nuna cewa in aka fara ba jariri mai ƙwayar magani tun yana 'yan makonni, mutuwa tana raguwa da kashi 76 cikin 100, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta a 2008 saboda shi. Yau jariran da ke kamuwa daga iyayensu mata masu ƙwayar a Afirka ta Kudu ba su kai 5 cikin 100 ba.

Amma Dakta Gray ta lura da wani abu. Kare jariri yana zuwa ne bayan uwar ta riga ta kamu, ga kuma 'yan mata sababbi suna kamuwa kowace rana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Sai ta mai da hankalinta ga neman allurar da za ta kare uwar tun tana budurwa.

ME YA SA WANNAN RIGAKAFI YA GAGARA?

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan yi bayanin yadda allurar rigakafi ke aiki. Jikin ɗan Adam yana da dakaru masu tsaron sa. Abin da allura ke yi shi ne ta nuna musu kamannin ɓarawo tun bai zo ba, yadda ranar da ya hauro katanga za su gane shi su far masa. Ƙwayar ƙyanda, alal misali, kamanninta ba su cika sauyawa ba, shi ya sa rigakafin da aka samo tun 1963 yake aiki har gobe.

Ƙwayar HIV ta sha bamban ta hanyoyi huɗu. Da farko, tana sauya kama da saurin da ya wuce misali. A jikin mutum ɗaya ana samun iri-irinta masu yawan gaske, irin da ya fi yawa a kudancin Afirka kuma dabam yake da na Amurka ko na Tailan. Na biyu, ta lulluɓe bayanta da wani mayafi na sukari irin wanda jikinmu da kansa yake yi, don haka masu tsaro sukan ɗauka ɗan gida ne. Na uku, masu tsaron ne abincinta: tana shiga cikin ƙwayoyin jinin da ke ba sauran dakaru umarni ta kashe su. Na huɗu, cikin 'yan kwanaki da shigarta takan cusa kanta cikin asalin halittar ƙwayoyin jiki ta kwanta shiru, daga nan kuma babu mai fid da ita. Wanda ya yi ƙyanda ya warke ba ya sake yi, masana kuwa suka kwaikwayi abin da jikinsa ya yi. A ƙanjamau babu taron waɗanda suka warke da kansu balle a kwaikwaya.

Da farko ba a san wuyar ta kai haka ba. A 1984 sakatariyar lafiya ta Amurka ta ce tana sa ran za a sami allurar gwaji cikin shekara biyu. A 1997 Shugaba Bill Clinton ya ɗiba wa masana shekara goma. Babban gwaji na farko ya ƙare a 2003 ba tare da nasara ba. Cikin wannan fage Dakta Gray ta shiga.

GWAJI UKU

Na farko an sa masa suna Phambili, watau “a ci gaba”. An fara shi a farkon 2007 da niyyar ɗaukar mutum 3,000. Dabarar ita ce a ɗauki wata ƙwayar mura da aka karya lagonta, a ɗora mata 'yan guntayen kamannin HIV, ta zama ɗan aike zuwa ga dakarun jiki. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: a duk gwaje-gwajen nan babu cikakkiyar ƙwayar HIV a cikin allurar, ba kuma a sa wa kowa cutar da gangan. Ana ma ba kowa shawara da kayan kariya, sa'an nan a bi shi shekara da shekaru a ga wa ya kamu a rayuwarsa. Likita da ɗan gwaji duk ba su san wa ya sami ta gaske ba. Wani kwamiti mai zaman kansa ne kaɗai ke leƙa lissafin lokaci-lokaci, yana kuma da ikon cewa a tsaya.

A watan Satumban 2007, an ɗauki mutum 801 ke nan, sai labari ya zo daga wani gwajin wannan allura da ake yi a nahiyar Amurka da Ostareliya cewa ba ta aiki. Abin da ya fi muni, akwai alamar wasu mazan da aka yi wa ita sun fi saurin kamuwa. Aka tsai da Phambili, aka kira mutanen nan aka gaya wa kowa abin da aka yi masa da haɗarin da ke ciki, aka ci gaba da bibiyarsu. A 2014 Dakta Gray da abokanta suka buga sakamakon: mutum 63 sun kamu cikin waɗanda suka sami allurar, 37 cikin waɗanda ba su samu ba. Lissafi ne mai zafi ga wadda ta jagoranci aikin, amma da sunanta a gaba aka buga shi, aka kuma daina amfani da wannan ɗan aike a rigakafin HIV.

Na biyu ya taso ne daga wani ɗan haske da aka gani a ƙasar Tailan. A 2009 wani gwaji na mutum fiye da 16,000 ya nuna kariya ta kashi 31 cikin 100. Kaɗan ce, amma ita ce ta farko a tarihi. Masana suka sake ƙera allurar don ta dace da irin ƙwayar da ke kudancin Afirka, suka ƙara mata ƙarfi. A ƙarshen 2016 aka fara gwajin a wurare 14, aka kira shi Uhambo, watau “tafiya”. Shi ne wanda muka buɗe wannan rubutu da labarin ƙarshensa.

Na uku sunansa Imbokodo, watau “dutsen niƙa”, kuma na mata ne zalla, su kimanin 2,600 masu shekara 18 zuwa 35, a Afirka ta Kudu da Malawi da Mozambik da Zambiya da Zimbabuwe. An yi amfani da wani ɗan aike dabam mai suna Ad26, aka ɗora masa guntayen kamanni da aka harhaɗo daga ire-iren HIV na sassan duniya. A ƙarshen Agustan 2021 sakamako ya fito: 51 sun kamu a wannan ɓangare, 63 a wancan. Tazarar ta yi ƙanƙanta, ba za a iya rantsuwa cewa ba dace ba ne kawai. Takwaransa da aka yi a Turai da nahiyar Amurka shi ma an tsai da shi a Janairun 2023.

ABIN DA WAHALAR TA HAIFA

A tsakiyar waɗannan shekaru, a 2014, aka naɗa Dakta Gray shugabar Majalisar Binciken Lafiya ta Afirka ta Kudu, mace ta farko da ta riƙe muƙamin, ta kuma yi shekara goma a kai har 2024. Ƙasarta ta ba ta lambar Mapungubwe a 2013, mujallar Time kuma ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya a 2017. Amma a ganinmu babban sakamakon aikinta ya bayyana ne a inda ba a zata ba.

Lokacin da annobar korona ta ɓarke a 2020, an tarar da kayan aiki a shirye: ɗakunan bincike, da nas-nas da suka ƙware a gwaji, da unguwannin da suka san masu binciken suka kuma yarda da su. Neman rigakafin ƙanjamau ne ya gina su. Ɗan aiken nan Ad26, wanda aka yi shekaru ana gogewa saboda HIV, shi kamfanin Johnson & Johnson ya ɗora wa kamannin korona ya yi allurarsa.

A watan Fabrairun 2021 Afirka ta Kudu ta shiga tsaka mai wuya. Allurar da ta sayo don ma'aikatan lafiya an gano ba ta da ƙarfi a kan sabon nau'in korona da ya mamaye ƙasar, ga kuma wani zagaye na annobar yana tafe. Cikin makonni kaɗan Dakta Gray da abokiyar aikinta Farfesa Linda-Gail Bekker suka tsara wani shiri mai suna Sisonke, watau “muna tare”. An fara ranar 17 ga Fabrairu, cikin wata uku aka yi wa ma'aikatan lafiya kusan rabin miliyan allurar Johnson & Johnson. Bincike ya nuna ta rage mutuwa a cikinsu da kashi 83 cikin 100. Likitar da ta nemi rigakafin wata cuta ba ta samu ba, sai ga shi kayan farautarta sun ceci dubban abokan aikinta daga wata.

Ko a fagen ƙanjamau ɗin ma ba a tashi a tutar babu ba. Wani gwaji da aka ba da sakamakonsa a 2021, wanda matan Afirka suka shiga, ya nuna cewa akwai wasu makaman garkuwar jiki na musamman da in aka ɗura wa mutum su, suna tare nau'o'in HIV da suka dace da su. Yanzu masana sun san abin da suke son jiki ya ƙera. Abin da ya rage shi ne yadda za a koya masa.

INDA AKA KWANA

Har yau babu allurar rigakafin ƙanjamau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum miliyan 40.8 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 1.3 suka kamu a wannan shekarar kaɗai, 630,000 kuma suka mutu.

A 2023 Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 45 ga wata haɗakar masana na ƙasashen Afirka takwas, har da Nijeriya, don su ƙera su kuma gwada nasu alluran, Dakta Gray tana kan gaba. A Janairun 2025, ana gab da fara gwajin farko, sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin agajin ƙasashen waje, aikin ya tsaya cik, masanan suka shiga neman tallafi a wasu wurare. Wannan ya tona wani rauni da muka daɗe da shi a nahiyar nan: cutar tamu ce, masanan namu ne, amma jakar kuɗin tana hannun wani.

Akwai kuma labari mai daɗi. A 2024 an gwada wani magani, Lenacapavir, wanda ake yi wa mutum allurarsa sau biyu a shekara, a jikin 'yan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda. Cikin 2,134 da suka same shi babu ko ɗaya da ta kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2025. Sai dai a lura, magani ne da ke zaune a jiki yana tsaro na wata shida, in an daina yi kariyar ta tafi. Shi ya sa farautar rigakafi na dindindin ba ta ƙare ba.

MU KUMA FA?

Tsoron da mutanenmu ke yi wa gwajin magani yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da nan Gana. A 2015 kuma hayaniya ta sa aka dakatar da gwajin rigakafin Ebola da aka shirya yi a Hohoe.

Amma a wannan ƙasar tamu ce iyaye a Kintampo da Agogo suka ba da 'ya'yansu aka gwada rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fara yi wa yara a asibitocinmu a 2019. Duk allurar da muke kai jariranmu a yi musu yau, wasu ne suka fara miƙa hannu.

Don haka in masu bincike suka zo unguwa, kada mu kore su da jifa, kada kuma mu sa hannu a takardar da ba mu gane ba. Mu tambaye su: wace hukuma ce ta ƙasa ta ba ku izini? Za ku yi mana bayani da harshen da muke ji? In mutum ya shiga, yana iya fita ranar da ya so ba tare da an hana shi magani ba? In wani abu ya same shi, wa zai ɗauki nauyinsa? Akwai kwamitin da zai iya tsai da ku? In kun gama, za ku dawo ku gaya mana abin da kuka gano, ko da ba ku yi nasara ba? A gwaje-gwajen da muka ba da labarinsu a sama, kowace tambaya daga cikin waɗannan tana da amsa tun kafin a tsira wa mutum na farko allura.

Abu na ƙarshe ya fi kusa da gida. A Gana mutum fiye da 300,000 ne ke ɗauke da ƙwayar HIV, zangonninmu kuma ba a bayan katanga suke ba. Abin da Dakta Gray ta yi faɗa da gwamnatinta a kansa, watau kare jariri daga ƙwayar uwarsa, yana nan a wajen awon ciki a asibitocinmu. Macen da aka gwada da wuri, ta riƙe shan maganinta kullum, tana iya haihuwar ɗa lafiyayye ta kuma shayar da shi nononta bisa shawarar likita. Abin da ke hana da yawa daga cikin matanmu shi ne tsoron abin da miji da dangi za su ce. Muna roƙon magidanta, ranar da uwargida ko amarya za ta fara zuwa awo, a raka ta, a miƙa hannu a ɗebi jinin mutum biyu.